Tsohuwar tarakta a sanyin hunturu: hita, gwangwanin feshi ko sabon batir?

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu akwai wata ƙara da duk mai tsohuwar tarakta a fadamar Argungu ya haddace. Kik, wato na'urar da ke murɗa inji da wutar batir, na juya shi da ƙyar, gur, gur, gur, farin hayaƙi na tuttuɗowa daga salansa, inji kuwa ya ƙi kamawa. Direba ya naɗe kunnuwa da rawani yana hura hannu. Manomin da ya ba da kuɗin haro tun shekaranjiya yana tsaye yana kallon gabas, irin shinkafarsa ya isa dashe, fili bai gyaru ba. Kafin hantsi an tara mutum biyar, kowa da maganinsa.

Tamu Massey Ferguson 165 ce, ta girme ni. Kawuna ya saye ta a hannun wani, shi ma wancan a hannun wani ya saya, ni kuma aka bar ni da littafin haya da biyan bakanike. Hunturu uku a jere muka yi muna dambe da ita, kuma babu dabarar da ba a gwada a kanta ba, har da waɗanda nake jin kunyar faɗa. Da muka tashi kashe kuɗi, shawara ta rabu uku. Bakanike ya ce a maido mata hitarta ta asali, mai ɗumama iskar da ke shiga inji. Mai shagon kayan gyara ya ce a sayi gwangwanin feshin tashin inji a huta. Mai gyaran wutar mota ya ce duk ɓata lokaci ne, batir za a sake. Kowannensu na da gaskiyarsa, amma ba gaskiya ɗaya suke faɗa ba, kuma wanda ya bi ta wani injin a kan nasa zai yi asara.

Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na babur ko janareton fetur. Fistin ne ke danne iska cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, dannewar ta sa ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Wato wutar duka daga matsi take fitowa. Da asubar hunturu abubuwa uku ke haɗuwa su rage wannan zafi. Ƙarfen inji ya kwana cikin ɗari, yana zuƙe zafin iskar tun kafin gas ya iso. Baƙin mai ya yi kauri, inji na juyawa a hankali, jinkirin kuma na ba iska damar sulalewa. Idan ringin fistin ya ci ko bawul ba ya rufewa tsaf, matsin ma tun farko bai cika ba.

A nan ne nake rabuwa da masu ɗora laifi duka a kan sanyi. Sanyinmu na Kebbi, ko a tsakiyar Janairu, yakan sauko ne wajen digiri 15 ko ƙasa da haka kaɗan da asuba. Mu da muka saba da 40 a Afrilu muna jin sa har ƙashi, amma tarakta irin tamu da aka ƙera a Koventiri ta Ingila an yi ta ne don ƙasar da ruwa ke daskarewa a randa. Injin Perkins, irin wanda ke cikin Massey, in yana da lafiya da batir mai kyau, ba ya jin irin namu sanyin. Ruwa ba ya tsami banza: idan tarakta ta ƙi tashi a Bunza ko Suru, hunturu ya tona asirin wani rauni ne da zafin bazara ya daɗe yana rufewa.

Su can da sanyi ya dame su da gaske, sun sha wahala kafin su kai ga makulli. Lanz Bulldog ta Jamus, wadda aka fara yi a 1921, sai an hura fitilar ƙira a ƙarƙashin kan injinta ya yi zafi, sannan a zare sitiyari a maƙala shi a gefe a murɗa injin da shi. Field Marshall ta Ingila, daga 1945 zuwa 1957, takarda mai ci da wuta ake cusa mata, a sa harsashi marar dalma a wani rami, a buga da guduma, ƙarfin fashewar ya tura fistin. In ka ga direbanmu da tsumma da ashana, ba shi ya fara ba. Bambancin kawai, waɗancan injunan don haka aka ƙera su.

Kafin ka fitar da ko sisi, tsaya gefen salansa gobe da asuba ka sa direba ya buga kik. Kunnenka da idonka za su raba maka gardama. Idan inji na juyawa a sanyaye kamar mai ciwon baya, matsalar wuta ce: batir, kebur ko kik. Idan yana juyawa da sauri amma babu hayaƙi ko kaɗan, gas ba ya isowa. Ko iska ta shiga layi, ko filta ta toshe, ko ƙaramin famfon da ke ɗago mai ya gaji, ko kuma wayar kashe inji ba ta koma wurinta ba. Wannan babu hitar da za ta yi masa magani. Idan kuwa yana juyawa da kyau, farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na fita, to mai na zuwa, zafi ne bai isa ba. Wannan na ukun kaɗai ne ke bukatar abin taimakon tashi. Mu biyu daga cikin ukun suka haɗe mana, shi ya sa muka daɗe muna zagaye.

Na fara da batir domin shi ne mafi tsada cikin ukun, kuma shi aka fi saya ba gaira ba dalili. Ba sanyi ke kashe batir a ƙasarmu ba, zafin Maris zuwa Mayu ne ke ƙafar da ruwansa ya cinye farantansa. Sai kuma a jingine tarakta bayan aikin damina ta yi makonni ba a tashe ta ba, caji ya zube. Hunturu na zuwa ya tarar da shi rabi da rabi. Mai gyaran wutar mota na iya auna maka a minti biyu: cikakken batir na nuna bolt 12.6 ko kusa, wanda ya sauka 12.2 ya kai rabi, kuma idan ana buga kik ya faɗi ƙasa da 9.6 ko 10, ya gaji. Amma kafin ka yanke masa hukunci, dubi kan batir ɗin. Nawa ne a cikinmu ke da tarakta wadda aka cusa ƙusa ko guntun gwangwani a kan batir don ya matse? Dubi kebur ɗin da ke zuwa jikin ƙarfe, ko tsatsa ta ci wurin ɗaurinsa. Taɓa kebur bayan an buga kik, duk inda ya yi zafi nan wuta ke maƙalewa. Siririn kebur na ƙaramar mota ba ya ɗaukar wutar da kik ɗin tarakta ke ja. Namu batir ɗin bai mutu ba ashe. Kebur biyu masu kauri da goge kawunan batir da burushin ƙarfe suka maido da rabin saurin inji, da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon batir ba. Wanda ke da ƙaramin faifan sola a gida kuma, ya riƙa ɗora batir a kai ta hanyar na'urar daidaita caji a lokacin da tarakta ke hutu. Dama yawancinmu muna cire shi da dare saboda masu ɗauke-ɗauke, kwana a ɗaki kuwa na ƙara masa kuzari da safe.

Abin da batir ba zai yi ba shi ne ƙara zafi a injin da matsinsa ya ragu. Ka sa sabo fil, inji ya juya kamar fanka, farin hayaƙi ya cika gari, ka ci gaba da bugawa har kik ya ƙone. A nan hita ke shigowa.

Yawancin tsofaffin Massey masu injin Perkins, irin su 135 da 165 da 'yan bayansu, da Ford da dama, sun fito daga kamfani da wani ɗan ƙarfe mai kama da babban fulogi a ɗaure a bututun da ke kai iska cikin inji. Sunansa Thermostart, makanikai kuwa hita kawai suke ce masa. Waya ɗaya ke zuwa masa daga makulli, da siririn bututun gas guda, daga saman filta ko daga wani ɗan kofi da ke tara ragowar man nozul. In ka murɗa makulli zuwa wurin ɗumamawa, wayar cikinsa ta yi ja, zafin ya buɗe wani ɗan bawul, gas ya ɗiga a kan jan ƙarfe ya kama da wuta. Ainihin harshen wuta ne ke ci a cikin bututun, inji kuma ya zuƙi iskar da ta ɗumama. Ana riƙe makulli kamar daƙiƙa 15 zuwa 20, wani lokaci har ka ji wani ɗan "fuf" daga ciki, sannan a buga kik.

Abin mamaki, taraktoci da yawa a nan suna yawo da wannan hita a jikinsu, masu su ba su san tana nan ba. Tamu haka take. An taɓa sake makulli da irin na mota wanda ba shi da wurin ɗumamawa, aka bar wayar na lilo, wani kuma ya matse bututun gas ɗin da filaya don yana yoyo. Da tsohon bakanikenmu ya nuna mini, na ce, "Baba, wannan ai na ɗauka wani noti ne kawai." Ya ce, "Yaro, notin nan ya fi gwangwani goma." Sabuwar hita ba ta da tsada idan aka gwada da batir, ana samunta wurin masu kayan Massey, kuma sa ta aikin awa ɗaya ne. In makullin asali ya ɓace, a sa mata maɓalli nata daban, amma irin wanda ke komawa da kansa in an saki, domin wanda ake kunnawa a bari direba zai manta da shi wata rana.

Tana da nata aibin, ba zan ɓoye ba. Tana jan wuta daga batir kafin a kai ga kik, saboda haka batir mai rauni zai ƙara raunana a daidai lokacin da ake bukatarsa. Idan aka kunna ta babu gas a bututunta, ƙonewa take yi, don haka wanda ya toshe bututun ya cire wayar ma. Idan bawul ɗinta ya lalace, gas zai riƙa ɗiga cikin inji ana tsakiyar aiki, ka ga hayaƙi ka zargi nozul a banza. Akwai jabu a kasuwa da ba sa kai hunturu biyu. Sai kuma halin mutum: daƙiƙa 20 ba komai ba ce, amma direban da manomi ke tsaye a kansa yana ganin ta kamar shekara. Duk da haka, cikin duk abin da zan ambata, ita kaɗai ce ke ba inji abin da ya rasa, wato zafi, ba tare da ta dake shi ba. Gwada ta ma ba wuya: a riƙe makulli, a taɓa bututun iska kusa da ita, in ya yi ɗumi tana aiki.

Kada a rikita ta da hitar da ake ɗaura wa kowace silinda ɗaya ɗaya, irin ta ƙananan taraktocin Japan da wasu tsofaffin injuna masu ɗan ɗakin ƙuna a cikin kan inji. Waɗancan injunan ko da bazara sukan nemi ɗumi, kuma idan naka irinsu ne, babu zaɓi, a auna hitocin a sake wadda ta mutu. A tsohon tsarin da aka jera su a waya ɗaya, guda na ƙonewa sauran duka su yi shiru. Amma injin Perkins da ba a huda masa wurinsu ba, kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai sa maka. Masu Fordson Major da Ford 5000 mai dogon famfon Simms kuma suna da wata kyauta da ba ta cin ko kwabo: ɗan maɓalli a jikin famfon injekta, a buɗe totur a danna shi, ya ƙara yawan gas na tashin farko, inji na kamawa ya koma da kansa. Famfon CAV mai zagaye da ke kan yawancin Massey ba shi da wannan. Masu Steyr ta Bauchi da Fiat ta Kano su sa bakanike ya duba bututun iska da famfo ya gaya musu wanne nasu ke da shi, domin ba duka aka yi iri ɗaya ba.

Yanzu gwangwani. Easy Start da 'yan uwansa sinadarin eta ne a ciki, abin da ke kama wuta a zafin da bai kai wanda gas ke bukata ba, wajen digiri 160. Shi ya sa yake aiki kamar tsafi. Fesa ɗaya, injin da ya ƙi tun asuba ya tashi da ruri. Ba ya bukatar bakanike, ba ya bukatar waya, yana shiga aljihun riga. Ranar da muka fara amfani da shi, direbanmu ya dube ni ya ce, "Maigida, ina wannan abu yake tun da?" Ni ma na yi murna. Kuma kada a ce haram ne gaba ɗaya, don akwai taraktocin Amurka, irin na John Deere, da suka fito daga kamfani da wurin ɗaura gwangwanin, yana ba da ɗan awo kaɗan in an danna.

Matsalar tana wurin awon da lokacin. Gas na kamawa ne a lokacin da famfo ya ƙayyade, fistin ya kusa ƙarshen hawansa. Eta ba ya jiran kowa. Yana shiga tare da iska ya fashe tun fistin na kan hanyar hawa, ya doke shi a ka. Ƙarar nan mai kama da ana buga guduma a cikin inji, ita ce. Hannun mutum kuma ba ya awo, musamman hannun mai haushi. Abin da ke biyo baya sananne ne wurin duk mai sauke inji: karyayyen ringi, fistin da gefensa ya ɓare, lanƙwasasshiyar sandar fistin, gaskit da ya hura. Yana kuma wanke ɗan man da ke jikin silinda a daidai lokacin da baƙin mai bai hau ba. Direbobi na cewa tarakta ta zama 'yar shaye-shaye, in ba a ba ta ba ba ta tashi. Ƙarfe ba ya sabo da komai, amma maganar tasu na da tushe: kowace fesa na ƙara cinye matsin da ya rage, gobe sai an ƙara yawa, jibi ko da rana tsaka sai an fesa. Tamu ta fara da Janairu kaɗai, a shekara ta biyu har Maris tana nema.

Abu biyu kuma da ba a rubuta da Hausa a jikin gwangwanin ba. Na farko, hita da feshi ba sa haɗuwa. Wuta na ci a cikin bututun iska, ka fesa eta a kai, bututun ko matatar iska na iya tarwatsewa a fuskar mai fesawa. Duk wanda ya maido da hita ya kwashe gwangwanaye daga akwatin tarakta, kada ya dogara da cewa direba zai tuna. Na biyu, eta na tafasa a digiri 35, zafin da ranarmu ke wucewa kusan kullum da bazara. Gwangwanin da aka bari a kan bonet ko kusa da salansa abin tsoro ne. Idan ta kama dole, misali tarakta ta mutu a tsakiyar fadama ga dare na yi, a cire wayar hita, a bari inji ya fara juyawa tukuna, a yi fesa ɗaya gajeriya daga bakin matatar iska, a tsaya. In bai kama ba, ƙari ba zai gyara ba.

Dabarun gida kuma ba duka ne banza ba, sai dai a tace. Tsumman da aka jiƙa da fetur aka kara a bakin iska, da feshin maganin sauro da na taɓa gani da idona, duk 'yan gidan gwangwani ne, sun ma fi shi rashin awo, ga haɗarin inji ya zuƙe tsumman. Kunna tsumma a kara a bakin bututu kuwa, dabarar hita ce aka yi da hannu, kuma tana aiki, amma sai an cire robar matatar iska, toka da tartsatsi da ƙurar hunturu su shige kai tsaye. Ƙurar nan da ke rufe rana ita ce ke cin ringi kamar sanfefa. Hura wuta ƙarƙashin inji mai yoyon gas da baƙin mai, kusa da tarin bambaro, ba sai na yi dogon bayani ba. Mun yi sau ɗaya, wayoyin ƙasa suka narke, kawuna ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba.

Wadda nake girmamawa ita ce butar ruwan zafi. A tafasa ruwa, a zuba a hankali a kan bututun iska da famfon injekta da bututan nozul, a kauce wa kik da wayoyi. Wanda lagiretonsa ruwa zalla ne, yana iya zubar da shi da dare ya cika da mai zafi da safe, wannan ya fi ɗumama jikin inji gaba ɗaya, illa kada ya manta ya tashi inji babu ruwa. Ba ta lalata komai, ba ta cin kuɗi sai itace da lokaci. Haka rufe bonet da tamfol, da ajiye tarakta a bayan katanga inda iskar arewa maso gabas ba ta bugunta, gefen inji na kallon fitowar rana. Jiran hantsi ma magani ne, sai dai mai haya ya san abin da awa uku ke nufi a lokacin da kowa ke son a gyara masa fili a mako guda.

Turi da ja da ajiyewa a gangare suna tashin inji domin suna juya shi da saurin da kik ba zai iya ba. Amma fadama ba gangare, ja kuma sai da wata taraktar, da sarƙar da in ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta doka. Massey mai giyar Multi-Power, wadda ake sauya wa gudu da ɗan hannu ba tare da taka kuloci ba, ma ko an ja ta ba ta tashi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne haɗa kik da sukundireba mutum na tsaye a ƙasa gaban tayar baya. In tana cikin giya, tana kamawa kansa za ta bi. Duk abin da za ka zaɓa, gyara makulli ya shiga ciki. Hitar da ake sa wa a ruwan inji a jona da wutar gida kuwa, ta mutanen Kanada ce, tana son awanni ana ba ta lantarki, mu bar ta a can.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke sauya lissafin duka. Baƙin mai na SAE 40 da ake so saboda kaurinsa yana riƙe tsohon inji da rana, amma da asuba kamar maɗi yake. 15W-40 ya fi sakin jiki a sanyi, inji ya fi saurin juyawa. Injin da ya ci sosai zai iya shan sa da yawa, sai mai shi ya auna wanne ya fi masa sauƙi. Na biyu matatar iska: mai kwanon mai a ƙasa tana cika da laka cikin 'yan kwanaki a hunturu, inji kuma ba ya danne iskar da bai samu ba. Taka kuloci yayin buga kik ma na sauke wa batir nauyin juya giya cikin mai mai kauri. Kuma kada a wuce daƙiƙa 15 ana bugawa, a bar kik ya huce.

To wa zai sayi me? Wanda injinsa ke juyawa a hankali ya fara da kebur da awon batir, kada ya taɓa gwangwani, domin eta a injin da ba ya juyawa da sauri ya fi duka illa. Wanda nasa ke juyawa da kyau da farin hayaƙi, kuma da bazara bugu ɗaya take tashi, hita ce tasa, babu tantama, ya ƙara da butar ruwan zafi a ranakun da ɗari ya yi tsanani. Wanda ke aiki nesa da gari, inda bakanike sai an yi tafiyar rabin yini, zan yarda ya ajiye gwangwani guda, amma a gida a hannunsa, ba a hannun direba ba. Wanda kuwa tasa ke wahalar tashi har da rana, tana shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi na fita, bututun numfashin inji na huci kamar tukunya, ya daina yaudarar kansa. Hita za ta ɗan ja masa lokaci, feshi zai gajarta shi, amma maganarsa ta ringi da bawul da nozul ce. A fara da kai nozul wurin masu gwaji, don nozul mai tsiyaya maimakon feshi na kwaikwayon duk alamun tsohon inji, gyaransa kuma bai kai sauke inji ba. In sauke injin ne ya kama, ba a fafe gora ranar tafiya: a yi shi bayan an gama huɗar damina, lokacin da tarakta ke zaune, ba a Disamba da mutane suka riga suka ba da kuɗi ba.

Mu abin da muka yi ke nan bi da bi: kebur, hita da maɓallinta, gyaran nozul, sannan a shekarar da ta biyo aka sauke inji, aka tarar da ringi biyu a karye, kuma na san wanda ya karya su. Batir ɗin da aka ce a jefar ya ƙara shekara guda cur. Yanzu direba na hawa, ya tabbatar giya na fili, ya taka kuloci, ya danna maɓallin hita. Da yake ba ya son ƙirge, Baba bakanike ya ce masa ya riƙa karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a nitse kafin ya buga kik. Na auna da agogon waya, ya kan kama daƙiƙa 18 zuwa 20, in dai manomi ba ya tsaye a kansa.